Dunƙulen Gashi a Haɓar Zani

A gidanmu na Wurno ba a yar da gashi. In an gama kitso, mai kitson takan tsince abin da ya maƙale a mataji, ta dunƙule, ta damƙa wa mai kan a hannu, ita kuma ta je ta binne. Kowa ya san dalili, gashinki a hannun maƙiyi ya ishe shi ya yi miki sammu.

Bayan haihuwata ta biyu gashin gaban goshina ya fara ja da baya, har na koma ɗaura ɗankwali kusa da gira. Wani likita a Sakkwato ya rubuta mini maganin shafawa, ya ce kada in tsorata, da fari gashin zai ƙara zuba kafin sabo ya tsiro. Na ce to. A raina kuwa na ce dabara ce, in ya zube ya ce dama ya faɗa. Ni ban cika yarda da mai ba ni haƙuri tun kafin ya yi mini laifi ba.

Gwaggo ce ke yi mini kitso. Ba danginmu ba ce, aminiyar Innata ce tun suna 'yammata, tana aure a Goronyo. Takan biyo mota ranar kasuwa da busasshen kifi a leda, su zauna su yi ta hira har la'asar.

Ban daɗe da fara maganin ba ta zo ta tsefe ni. Tana taza sai na ji ta yi shiru, ita da bakinta ba ya hutawa. Da ta gama na miƙa hannu.

"Ba wani abin kirki ya hita ba," in ji ta, ta kama zancen tsadar taki.

Amma Inna, da ke tsintar wake a gefe, ta ga Gwaggo ta ƙulle wani abu a haɓar zaninta.

"Mi za ta yi da shi?" Inna ta tambaye ni bayan ta tafi. Sai muka tuna ta taɓa nema wa ɗanta aurena, Baba ya hana. Muka tuna irin kallon da take yi wa yarana. Gashi kuwa ya ci gaba da zuba, a kan matashi, a wurin wanka, har na ji tsoron taɓa kaina.

Inna ta hau babur zuwa Rabah wurin wani malami, ta karɓo rubutu. Ina shan rubutu ina shafa magani, ban yarda da ko ɗayansu ba. Da Gwaggo ta sake zuwa, Inna ta tare ta a zaure ta ce na bar kitso.

Wajen kaka gashi ya fara tsirowa, ƙanana masu laushi kamar na jinjiri. A lokacin ne Gwaggo ta yi sallama, babu ledar kifi. Ta zame ɗankwalina, ta shafa goshina, ta ce alhamdulillahi. Sannan ta kwance haɓar zaninta ta sa mini dunƙulen gashi a hannu. Ya cika tafina taf.

"Ga kayanki, ɗiyata. Rannan ya yi yawa, na ji tsoron ki gani zuciyarki ta karye. Ban binne ba, don ba nawa ba ne." Ta juya wurin Inna. "Matar malamin da kinka kai wa sunana ƙanwar mijina ce."

Inna ta jawo tabarma da sauri ta shimfiɗa, tana cewa a kawo ruwa. Gwaggo ta ce motar Goronyo ba ta jira, ta fita.

Gashina ya dawo ya cika kai. Har yau, ranar kasuwa, Inna takan shimfiɗa tabarmar nan, da la'asar ta naɗe ta.