Ranar da Aka Ba Golarmu Tiren Shinkafa

An gayyaci Ilham Kolo walimar kofin da ta ciyo wa garin Lafia da hannayenta biyu, da ta iso sai aka miƙa mata tire aka ce ta raba wa maza shinkafa. Ta kuwa raba. Cikin waɗanda ta durƙusa ta ajiye wa abinci har da mahaifinta, mutumin da bai taɓa fitowa saboda ƙwallonta ba sai a ranar. Ba labari aka ba ni ba, ina wurin. Har yau in na tuna sai in ji kamar zanina ne ya kwance a tsakiyar kasuwa.

Sunana Dijatu, a unguwa Maman Mahir ake ce mini. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu Ilham, ina cikin matan da suka daka yajin sunanta, don haka ba wanda zai gaya mini ko ita wace ce.

Ubanta Malam Kolo huluna yake sayarwa a kasuwa. Kakanninsa daga Borno suka zo tun ba a haifi iyayenmu ba. Mutum ne da in ya ce maka "to", ya gama jawabin ranar. Uwarta Ya Hajja sarin doya take yi daga Agyaragu, kuma a wurin doyar nan Ilham ta samo hannu. Wanda ya san sauke doya ya san ba a jibge ta kamar yashi. Mutum ɗaya yana kan mota yana jefowa, wani a ƙasa yana cafewa. In ta kuɓuce ta fashe, ta tashi daga kayan sayarwa ta koma ta tukunyar gida. Tun Ilham tana firamare ita ke tsayawa a ƙasa. Akwai wani ɗan dako ɗan Tibi, Ortese, da yake tsokanarta, ya yi kamar zai jefa dama sai ya jefa hagu. Doyar ba ta faɗuwa. Sai ya riƙe ƙugu ya ce da uwarta, "Mama, wannan yarinya naka, hannunsa akwai gam."

A sakandare malamin wasanni ya sa ta a raga ranar gasar gidaje, don ba wadda ta yarda ta tsaya. Daga nan ba ta sake fita ba. Da ta gama makaranta ƙungiyar Kainuwa ta mata ta ɗauke ta, aiki sosai, da albashi da tafiye-tafiye. Malam Kolo bai hana ba, bai kuma sa albarka ba. Sharaɗi ya gindaya: dogon wando a ƙarƙashin gajeren, kai a rufe, kuma kada salla ta wuce ta. Ta kiyaye. Na sha ganinta ta dawo daga atisaye gwiwa a kumbure, ta ajiye jaka ta ɗauki tsintsiya.

Abin da bai iya hanawa ba shi ne bakin mutanen kasuwa. Maƙwabcin shagonsa, Yahya mai takalma, shi ne shugaban 'yan tsiya.

"Baban gola, barka da asuba. Jiya kun ci ko an ci ku?"

Malam Kolo ya ci gaba da goge hula.

"Ka zaɓa mata ɗaya mai kyau mana, rana na dukan yaron naka a raga."

'Yan layin su kwashe da dariya. Shekara da shekaru yana haɗiye wannan. Da kakar wasa ta bana ta fara, ya kira Ilham ya ce mata wannan ce ta ƙarshe, in an gama ta dawo ta zauna masa a shago. Ta ce to. Ta shigo wurina ta yi kukan da ba ta yi a gabansa ba.

Sai ga kofin lig. Ga wanda bai sani ba, ban da gasar da ake tara maki, akwai wannan kofin da manyan ƙungiyoyin mata ke bugawa, in an ci ku sau ɗaya kun fita. Ba wanda ya sa Kainuwa a lissafi. Suka yi ta tsallakewa har wasan ƙarshe, a wani gari mai nisa. A ɗakin Ya Hajja muka kalla a waya, mun haɗa kai kamar masu tsintar shinkafa, hoton yana tsayawa yana tafiya. Aka tashi ba ci, aka je bugun fenariti. Bugun ƙarshe yarinyar ɗaya ƙungiyar ta kai shi kusurwa, Ilham ta tashi sama kamar an jefa ta, ta ture shi waje. Ya Hajja ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Malam Kolo yana soro da carbinsa. Bai shigo ba, amma ban ji ya ce a rage hayaniya ba.

Da aka ce za a yi walimar tarba, sai na ga ƙofa. Na sa mayafi na same shi a shago.

"Malam, ka zo walimar nan."

"Maman Mahir, me zan je yi?"

"Ka ga yadda gari ya ɗauki 'yarka. Kai bakin Yahya kawai kake ji. Ka zo ka ga manya sun miƙe mata tsaye. In ka ga wulaƙanci, ni da bakina zan ce ta ajiye safar hannun. In ka ga daraja, ka bar ta ta ci gaba."

Ya daɗe yana juya wata hula a hannunsa, sannan ya ce, "To."

Ilham da ta ji, sai da ta rungume ni har na yi tari. Ba kuɗi take nema a walimar nan ba, ba hoto ba. So take ubanta ya gan ta riƙe da kofin a gaban jama'a sau ɗaya, ya sake mata mara.

Shugaban kwamitin tarba, Alhaji Muntaka, ɗan kasuwa ne, ya ce shi ya ɗauki nauyi, a ƙofar gidansa za a yi. Suka tsara ta yadda muke tsara kowane biki a garin nan: rumfa da kujeru a waje na maza, mata a cikin gida wurin tukwane. Matan kwamiti kuma suka fitar da anko, don mu ba ma taro ba anko. Atamfa ruwan ganye. Suka aika wa 'yan wasan ita ma, wai kada su zo gaban manya da kayan ƙwallo, ba mutunci. Ita dai atamfar ce masu girki suka ɗinka, ita masu rabon abinci suka ɗinka. Ni ma ita na ɗaura.

Motar 'yan wasa ta tsaya bayan la'asar. Tun a bakin mota wasu maza suka karɓe kofin, wai za a goge shi. Aka ja kociyansu zuwa layin gaba don shi namiji ne. 'Yan matan suka sauko cikin atamfarsu, masu tsaron ƙofa suka dube su suka nuna lungu: "Mata ta can!"

A cikin gida uwargidan Alhaji tana tsaye kan kuloli tana zufa. Da ta ga 'yan mata cikin anko sun shigo, ta ce, "Sai yanzu kuka ga dama? Maza ku ɗauki tire, abinci na hucewa."

Kyaftin ɗinsu Shima, 'yar Tibi ce daga wajen Agyaragu, ba ta da birki a baki. Ta ce, "Hajiya, abeg, mu ne ya ci kofin fa. Mu ne ana yi wa wannan biki."

Na matso na ce, "Gaskiya ne, Hajiya, su ne 'yan wasan."

Na ɗauka za ta riƙe baki ta ba da haƙuri. Sai ta dube su daga sama har ƙasa ta ce, "To ai shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama. Sai su fita da abincin su gaisa da manya. Ko kofin duniya kika ci, ai ke mace ce. Ungo."

Wadda ke kusa da ita ta miƙa wa tiren, kuma Ilham ce. Shima ta ce, "Ilham, ajiye wannan abu, hannunka ba na tire ba ne." Amma Ilham a gidan Malam Kolo ta tashi, inda ba a mayar wa babba magana. Sa'ar uwarta ta miƙo mata abu, hannunta ya karɓa kafin ta yi tunani. Ta dube ni. Na buɗe baki, aka turo ta daga baya, wasu matan na cewa a yi sauri.

Na bi ta har bakin soro na tsaya. A waje mai sanarwa yana ta kirari wa Alhaji Muntaka, uban marayu, gatan wasanni. Kofin yana yawo daga hannu zuwa hannu. Maza masu tumbi, waɗanda ko tsallaka kwata sai sun yi nishi, kowa ya ɗaga shi sama a ɗauke shi hoto. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba wanda ya ambaci sunan yarinya ko ɗaya.

Malam Kolo yana layi na baya-baya cikin babbar rigarsa ta Idi, da hular da ba ya sayar wa kowa. Yahya mai takalma yana gefensa, shi ma ya rufe shago ya zo. Na ga Malam yana ɗaga kai yana duban hanya, yana jiran inda za a fito da 'yarsa.

Ta fito ta gefe, da tire. Layi-layi take bi, ta durƙusa ta ajiye, ta tashi. Wani ya ce ta ƙaro masa nama. Wani ya ce ina ruwa. Ba wanda ya gane ta, su da suka gama sumbatar kofinta. Ta iso gaban ubanta ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ajiye masa robar shinkafa.

Yahya ya fara, "A'a, gola! Ashe har da wannan ake koya..." Bai ƙarasa ba. Yahya da kansa ya sunkuyar da kai.

Malam Kolo ya dube ta ya ce, "Sannu da aiki, Ilham." Bai taɓa abincin ba. Ya tattara rigarsa ya tashi. Na zagaya na tare shi a bakin titi, ban ma san abin da zan ce ba. Shi ya riga ni.

"Maman Mahir, kin ce in zo in gani. Na gani."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Sai da rana ta kusa faɗuwa, ana tara kujeru, mai sanarwa ya tuna ya ce 'yan matanmu su fito a yi hoto. Shima ta ce ko da bulala ba ta zuwa. Ilham tana bayan gida tana wanke hannu, ta daɗe tana wankewa.

Yanzu tana shagon huluna. Kainuwa ta koma atisaye, wata yarinya ce a raga. Kociya ya zo, Shima ta zo har sau nawa, Ilham amsarta ɗaya: "Ba zan tsallake maganar Baba ba." Na koma wurin Malam da kunyata, na ce kuskure aka yi. Ya ce, "Da a filin wani gari aka zage ta, sai in ce abokan hamayya ne. Waɗannan mutanenta ne, kuma ranar da ta fi kowace rana ke nan. In haka suka yi mata ranar da ta ci, ranar da aka ci ta fa?" Alƙawarin da na yi masa na cewa zan sa ta ajiye safar hannun ma, bai nemi in cika ba, ya sauƙaƙa mini.

Na je wurin Alhaji Muntaka. Ya ce, "Haba Hajiya Dijatu, ai an ci an sha, kowa ya yi murna. Ɗan kuskuren tsari ne." Ina magana ina hango kofin a falonsa, a kan kabad, kusa da agogo.

To Alhaji, da kai da kwamitinka da matan kwamitinka, ku saurara. Ku sauko da kofin nan daga kan kabad, ba gadonku ba ne. Ku sake taron a filin wasa da rana tsaka, yaran su zo da rigunan da suka yi gumi a ciki, su zauna a layin gaba, a kira kowace da sunanta da sunan ubanta. Kai kuma ba aike za ka yi ba, ba waya ba. Ka taka da ƙafarka har layin masu huluna, a gaban Yahya da duk 'yan layin, ka ba Malam Kolo haƙuri, ka roƙe shi ya sake zuwa. Ban san ko zai yarda ba. Amma ku yi kafin a rufe rajistar 'yan wasa ta kaka mai zuwa, domin in aka rufe Ilham tana shago, ku kuka cire ta daga raga, ba ubanta ba.