Ranar da Na Goya Mahaifiyata a Dajin Ƙirya

Shekarun baya, wani abokina da muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare ya samu aikin gandun daji, aka ba shi tsaron wani fili can gaba da Damagaram Takaya. Wuri ne na farin yashi da ba ya nomuwa, amma tsofaffin itatuwan ƙirya sun rage a cikinsa, irin waɗanda masu gawayi da masu sassaƙa turmi suka ƙarar a sauran wurare. Shi ya sa aka hana sara a ciki, aka hana kiwo, aka hana kunna wuta.

Ni mutumin unguwar Zango ne a cikin gari, dajina bai wuce inuwar itacen bedin ƙofar shagona ba. Mahaifiyata ce ta ji muna hirar wurin, ta ce ai ƙauyen da ta tashi yana kusa, tana so ta sake ganinsa kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Na yi ta kawo dalilai, ta yi ta kallona, har na gaji na nemo aron mota.

Bayan kaka ne, ciyawa ta bushe ta kai ƙugu. Muka bar motar a bakin gandun saboda yashi, muka taka a hankali. Abokina ya nuna mana wata hanya mai faɗi da suke sharewa duk shekara kewaye da dajin, don in gobara ta zo ta rasa abin ci. Ya ce gefen gabas ne kawai ba su gama ba. Sannan ya kai mu wani kwari inda ya dasa ƙananan ƙirya, ya yi shekaru yana kai musu ruwa a bido, wato jarka. Yana maganarsu kamar mai maganar 'ya'yansa.

Inna ta zauna a gindin wata babbar ƙirya tana shafa bawonta, tana faɗin sunayen ƙawayenta da suka rasu. Muna nan sai na ga abokina ya daina saurare, ya zuba wa gabas ido. Wani siririn hayaƙi ne ya miƙe. Ya ce mu jira shi, ya ruga wajen abokan aikinsa.

Da ya dawo, iska ta riga ta juyo kanmu, kuma ana jin ƙarar wutar kamar ana yaga sabon yadi. Na ce mu gudu mota.

Ya ce, "Ba za ku kai ba. Ciyawa ce tsakaninku da motar, kuma wuta ta fi ka sauri, balle Inna."

"To, mu tsaya mu ƙone?"

Ya nuna wani tudun yashi tsirara, babu ko tsinke a kansa. "Can za ku hau. Ni zan kunna wata wutar daga wannan turbar da muka share, ta tafi ta tari waccan. In sun haɗu, duk su mutu."

Na ce, "Kana da hankali kuwa? Wuta na zuwa, ka ƙara wata?"

Ya wuce ni. Ya durƙusa gaban mahaifiyata ya ce, "Inna, ki yarda da ni." Ta ce, "Je ka, ɗana, Allah ya taimake ka." Sai da ya juya na lura inda zai kunna wutar: daidai bakin kwarin da ya dasa itatuwansa.

Muka nufi tudun. Ba mu yi nisa ba gwiwar Inna ta ƙi. Na tsuguna na ce ta hau bayana. Ta ce a'a, ita ba za ta hau bayan ɗanta ba, in je kawai, za ta biyo ni. Hayaƙi ya fara rufe mu, toka na sauka a kan mayafinta. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce, "Inna, in ba ki hau ba, nan zan zauna." Na kuwa zauna a ƙasa. Ta dube ni, ta kama kafaɗata.

Yashin yana janye ƙafata, takalmina ɗaya ya tafi, ban waiwaye shi ba. Ni da hawa benen kasuwa ke sa ni haki, ban san yadda na kai sama ba. Na jiƙa mayafinta da sauran ruwanmu, ta rufe hanci, muka kwanta rub da ciki. Ba ma ganin komai, sai zafi da ke dukan bayanmu da muryoyin maza suna kiran juna. Inna tana tari tana salati. Can muryoyin suka ɗauke, kuma wannan shirun ya fi wutar tsorata ni.

Sannu a hankali zafin ya ragu. Hayaƙi ya yaye, muka ga ƙasa baƙa ƙirin har bakin turba, amma manyan itatuwan suna nan tsaye. Abokina ya hauro tudun, girarsa ta babbake, tafin hannunsa ya tashi. Ya tambaye mu lafiya, sannan ya zauna yana kallon kwarin. Ko ɗaya bai tsira ba cikin abin da ya dasa. Inna ta yage gefen mayafinta ta ɗaure masa hannu.

Daga baya aka ce masu cire zuma ne suka bar wuta a wani kogon itace, wajen gandun. Abokina ya sake dashe da damina, yana can har yau.

Na daɗe ina ɗauka tsaron daji zama ne a inuwa da korar awaki. Ranar na ga mutum ya cinna wa wahalarsa wuta da hannunsa, bai ko tsaya shawara ba. Amma abin da ya fi zama a raina daban ne. Inna ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta. Duk lokacin da na ji warin ciyawa tana cin wuta, abin da nake tunawa shi ne rashin nauyinta a bayana. Muna gida ɗaya da ita, kullum ina gaishe ta da safe, amma sai a kan tudun nan na san ta tsufa.