Ranar da Yaya Ya Wanke Kwamfutata da Fetur

A shekarar da soja suka miƙa mulki na haɗa kwamfuta da hannuna, a ɗakina na Ƙofar Ƙaura. Na danna makunni, fanka ta juya, kwamfutar ta yi ƙara sau uku, gilashi ya tsaya baƙi ƙirin. Kwana biyu ina cire waya ina mayarwa.

Yayana mai gyaran rediyo ne, kuma a ganinsa duk abin da ke cin wuta ƙanin rediyo ne. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar ya kwance allon cikin kwamfutar, ya shimfiɗa a tabarma, yana goge shi da fetur da tsohon buroshin haƙori.

"Datti ne," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Boko bai koya maka wannan ba."

Na tsaya ina kallonsa. A gidanmu ƙane ba ya ƙwace abu daga hannun wansa, ko da ransa ne.

Da allon ya bushe na mayar da shi, sai na lura sandar memori, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba ta zauna a raminta ba. Na danna ta da babban yatsa, ta shige, kwamfuta ta tashi.

"Ka gani ko?" in ji Yaya.

Har yau a majalisarsu shi ya gyara ta. Wannan bai dame ni ba kamar yadda na durƙusa a gabansa, ɗaki na warin fetur, na ce na gode.