Sallar da take yi a ɗakina

'Yata ta fari ba ta kai talatin ba jinin al'ada ya ɗauke mata. Da farko murna muka yi, har na tsaya a kasuwar Kilomita Biyar ina taya zanen goyo. Wata ya bi wata, ciki bai fito ba, sai zufa da ke karyo mata ko ana ruwan sama.

Ni na raka ta asibiti. Likita ta yi bayani da Faransanci, wata ma'aikaciya ta juya mana da yaren Sango: ma'ajiyar ƙwan haihuwarta ta daina aiki tun lokaci bai yi ba. A kan moto, wato babur, muka dawo, tana riƙe da gefen mayafina.

Ta roƙe ni kada mijinta ya ji. A gidansu kuwa, uwar mijin ta san ranar da kowace mace ta ajiye buta. Sai 'yata ta riƙa cewa tana fashin salla duk wata, ta taho wurina wuni. Ta shiga ɗakina ta yi sallolinta a ɓoye, ni ina zaune bakin ƙofa da faranti ina tsince shinkafa, ina tare masu shigowa da hira. Nakan ce mata ramin ƙarya ƙurarre ne. Ta ce, "Mama, bari dai a ga wata mai zuwa."

Na gaji da gadin ƙofar nan, Allah ya sani.

Wata la'asar mijin ya rufe shagonsa na wayoyi a titin Koudoukou, ya biyo ɗaukarta. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi inda take. Na janye ƙafata kawai daga hanya.

Ya same ta a raka'a ta biyu. Ya zauna bakin gado har ta sallame.

"Ba kin ce ba kya salla ba?"

Na ɗauki farantina na koma madafa.

Sun daɗe. Da suka fito, idanunsa sun fi nata ja. Auren yana nan har yau. Gaisuwar uwar mijin dai ta gajarce, kuma 'yata ba ta ƙara zuwa salla ɗakina ba.