Barcin Ɗiyata

Haihuwar fari na yi a asibitin Dutsin-Ma, sai da aka yi mani ɗinki. Innata ta rasu tun ina ƙarama, don haka ban je wankan gida Kurfi ba. Maigidana kullum yana wajen aiki. Daga ni sai jaririya, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ke zuwa ta yi mani wankan jego ta koma.

A asibiti an ba ni wata farar ƙwaya ta kashe zafi, irin wadda aka ba matar gadon kusa da nawa. Ita ta sha tana ta hira, har tana cewa wannan ai alli ne. Ni kuwa ina sha sai ɗakin ya yi mani nisa, harshena ya yi nauyi. Da ƙwayar aka sallamo ni gida.

Ba ta kaina nake ba, ta yarinyar nake. Sai ta kama nono, ta ja kaɗan, ta saki. In na ɗaga hannunta sai ya faɗo kamar jiƙaƙƙen tsumma. Masu barka kuwa sai yabo suke, wai na yi dace da ɗiya mai haƙuri.

Na gaya wa tsohuwar. Ta yi dariya ta ce, "Ke dai sabon shiga! Wasu na roƙon barci, ke kina kai ƙararsa?"

Ranar suna ƙanwar innata ta zo daga Kurfi, ta ga ina layi. Na nuna mata ƙwayar.

Ta ce, "Ɗiyata, uwarki ma haka take. Allura ɗaya aka taɓa yi mata, ta wuni ba ta san inda take ba. Jininmu ne."

Kafin la'asar ta bi mota ta koma.

Washegari na goya yarinyar, na taka a hankali har asibiti. Wata nas 'yar kudu ta buɗe idon jaririyar ta duba, fuskarta ta canza. Da gurguwar Hausarta ta ce, "Magani ɗaya, jiki ba ɗaya ba. Yana bin nono. Kar ki ƙara sha."

Na daina shan ƙwayar, ciwo ya dawo. A karkace nake zama kan tabarma, ba wanda zan ce wa wayyo.

Sai ga shi wata hantsi yarinyar ta tsala kuka, har tsohuwar ta leƙo ta katanga.

"Me kika yi mata? Ɗiya mai haƙuri kin lalata ta!"

Na ɗauke ta, tana ta harbina da ƙafa, ban yi saurin rarrashinta ba.