Ƙamshin Kafur a Hanyar Gwarzo

Cikin duk shekarun da na yi a aikin kwastan, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Laraba a ƙarshen damina, lokacin ina sufeto a shingen bincike na hanyar Gwarzo. Ku yaran yanzu da kuke ganin kwamfuta ta gama muku komai, ku ɗan ajiye wayoyin nan ku saurara.

Da hantsi muka tsayar da wata motar kaya, kanta, ɗauke da bandir-bandir na yadi. Ba yadin riga ba ne, irin wanda ake haɗa ƙyalle sama da ƙasa ne, a cusa abu mai laushi a tsakiya, a bi shi da ɗinki gida-gida. Mai kayan, Alhaji Sabo, dattijo ne mutumin Kabo. Shi ke sayar wa matan da ke ɗinka shimfiɗar jarirai a Kabo da Gwarzo har ƙauyukan Kutama. Tun kafin mu gama gaisawa ya shaida mini cewa shanunsa ya sayar ya zuba a wannan kaya, in muka riƙe su ya shiga uku.

Ga wanda ba ɗan aiki ba, duk kayan da suka shigo ƙasa suna da gurbinsu a littafin haraji. Irin wannan yadi, in yana bandir ba a kalmashe bakinsa ba, gurbinsa daban. In an kalmashe ya zama bargo, haraji ya canza. In kuwa gwanjo ne aka ɓoye da sunan yadi, kamawa ake yi gaba ɗaya. Takardun Alhaji sun ce yadi ne a bandir, aikina kawai in tabbatar.

Ba ma yankar samfur daga baki, don masu wayo bakin suke gyarawa. Na sa aka sauke bandir ɗaya a gindin wata bishiyar maina, muka warware shi har tsakiya. Kayan sun sha rana tun safe, amma da na zura hannu sai na ji cikinsa sanyi ƙalau kamar gindin randa. Ina tsaga shi da reza, ƙamshin kafur ya taso. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin wankan gawa ya san shi. Direban ya ja da baya yana salati, ya ce tun daga Legas yake jin wannan ƙamshi a gaban mota, ya ɗauka zuciyarsa ce ke raya masa.

Abin da ke ciki ba farar auduga ba ce, niƙaƙƙun tsummokara ne ruwan toka. Na bi ƙa'ida, na tsinko kaɗan na kyasta masa ashana. Auduga tana barin toka mai laushi, zaren roba yana narkewa ya dunƙule. Wannan sai ya yi ƙaurin gashi. Na lallashi kaina cewa ulu ne na tumaki. Na sake jawo wani zare, ya yi ta biyo hannuna, furfura ce doguwa, a ƙarshenta da guntun kitso. Ban taɓa ganin tunkiya da kitso ba. Muka tsaga wasu bandir ɗin, duk haka, wani har da igiyoyin wuyan riga irin ta marasa lafiya a asibiti.

Na kira shugabanmu, mataimakin sufurtanda, muna ce masa Oga Lawal. Ya duba, ya toshe hanci, ya buɗe littafi ya daɗe yana karantawa. Na matsa masa cewa mu kama kayan a matsayin gwanjo.

Ya ce, "Sufeto, wa zai sa wannan a jikinsa har ka kira shi gwanjo? Doka ta ce ƙyalle, da abin cushe, da ɗinki, a bandir. Duk ga su nan. Ba ta tambayi na wane ne ba."

Ya ce za mu rubuta wa jami'an lafiya, amma haraji daidai aka biya, ba mu da hujjar riƙe mota. Raina ya ɓaci ƙwarai, sai dai gaskiya ya faɗa. Na sa hannu, na miƙa wa Alhaji takardunsa na ce ya tsira. Bai ko murmusa ba. Ya durƙusa ya tsince gashin nan daga ƙasa sili-sili, ya naɗe a hankici, ya shiga mota. Na yi kwanaki in na ga mace da goyo sai gabana ya faɗi.

Bayan girbi wata ta'aziyya ta kai ni Kabo, na bi ta shagonsa. Wayam, sai tabarma da buta. Maƙwabcinsa ya ba ni labari cewa Alhaji ya kai hankicin nan wurin wani malami, malamin ya ce gashin ɗan Adam ba a ƙona shi, ba a zubar da shi a bola, binnewa ake yi. Tunda ba yadda za a raba gashi da yadi, Alhaji ya sa aka haƙa rami a ƙarshen gonarsa, aka binne kayan kakaf, ya tsaya ya yi wa masu gashin addu'a alhali ko sunansu bai sani ba.

Na same shi a ƙofar gida, ya rame. Na ce, "Alhaji, ai da ka kai wata kasuwa mai nisa, inda ba wanda ya san ka."

Ya dube ni ya ce, "Sufeto, a can ma mata suna haihuwa."

Kunya ta rufe ni. Mu a wannan aiki an koya mana mu ba kaya suna da gurbi, mu kuma zargi duk wanda ya tsaya gabanmu. Ranar nan mun ba kaya sunansu daidai, mun sake su su tafi ƙarƙashin jariran mutane. Wanda ya tare su shi ne ɗan kasuwar da muka tsayar don muna zarginsa, kuma har ya bar duniya bai sake mallakar saniya ba.