Zuciyar da Mahautan Dutsin-Ma Ba Su Sani Ba

Simeon ya zo Dutsin-Ma daga kudancin Zariya a 1974, da akwatin ƙarfe ɗaya da matarsa Dina. Aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje ya samu a makarantar da nake kafinta. Shi ke wanke kwalabe, shi ke yanka kwaɗi da ɓeraye don darasi, makullai a wuyansa. Shekara tara muna tare, ban ji an ce ko cokali ya ɓace a hannunsa ba. Ba shi da surutu. Abin da ya haɗa mu ke nan.

A 1983 aka kawo sabon malamin kimiyya, Mista Julius, mai baki kamar rediyo. Ya zo da wani babban zane, ni na buga masa shi a bango. Gefe ɗaya zaruruwan gado ne da ke cikin ƙwayar jikin mutum, arba'in da shida. Ɗaya gefen na alade, talatin da takwas. Ya ce masana na can suna jera su kusa da kusa don su ga inda suka yi kama. Ya ce zuciyar alade ma sai gwani ke raba ta da ta ɗan Adam. Don ya nuna wa yara, ya aiki Simeon Kaduna ya samo ɗaya. A gabana ya ce masa, "Sa ta a kwalba, kar ka rubuta komai a jiki. Ka san garin nan."

A makon nan wani masunci ya nutse a dam ɗin Zobe, ba a ga gawarsa ba. Tani mai shara ta ga kwalbar, ta faɗa wa mijinta, kafin la'asar magana ta kai kasuwa. Aka kira Baba Dalhatu, tsohon mahauci, shekara arba'in yana fawa. Ya juya kwalbar, ya sake juyawa. Ya ce, "Ba ta rago ba ce, ba ta akuya ba, ba ta maraƙi ba. Ba ta raƙumi ba ce kuma. Ni dai ban taɓa yanka mai wannan ba." Gaskiya ya faɗa. Wane mahauci ne a ƙasarmu ya taɓa buɗe cikin alade? Sai jama'a suka ƙarasa masa maganar da kansu, suka ce ta masuncin ce.

'Yan sanda suka tambayi Julius. Ya ce, "Ni ban san ko ta mece ce ba. Makulli a hannun Simeon yake." Na ce ni shaida ne, aka ce kafinta ya koma wajen katakonsa.

Kwana tara Simeon ya yi a tsare kafin likita ya zo daga Katsina ya ce ta alade ce. Aka sake shi, makaranta kuma ta sallame shi don ya shigo da ƙazanta. Maganar likita ba ta kai kasuwa ba. Mata suka kwashe atamfofinsu daga wajen Dina mai ɗinki. In ya wuce, iyaye na jawo 'ya'yansu cikin zaure. Ya koma Kurfi yana facin keke a gindin darbejiya.

Fastonsu ya yi ta masa wa'azin yafiya. Ni ban taɓa ba. Bayan wata bakwai na hau keke na same shi, na ce, "Ranar Laraba sufeton makarantu zai zo ya kalli darasin mutuminka, za a ƙara masa girma. Ni kuma ranar nake gyaran ƙofar baya." Bai ɗago kai daga tayar da yake liƙewa ba. Ya ce, "Ƙarfe nawa, Kafinta?"

Laraba da hantsi Julius na gaban zanensa yana zuba, sufeto da shugaban makaranta Malam Atiku suna zaune a baya. Sai ga Simeon cikin tsohuwar farar rigarsa ta aiki, ɗauke da faranti mai zuciya biyu a kai. Ya ajiye a tebur kamar yadda ya saba.

"Oga, ga kayan darasi. Ɗaya ta rago, ɗaya ta alade."

Sufeto bai san an kori kowa ba. Ya ce, "Madalla! Malam, nuna wa yara wacce ce."

Ina riƙe da guduma ina kallon gumi na bin wuyan Julius. In ya ce bai sani ba, girma ya tafi. Ya ɗauki tsinke ya nuna ta dama, ya fara bayanin jijiyoyi da Turanci.

Simeon ya bari ya kai aya, sannan ya ce, "Ashe ka san ta, Oga. Ina ka ajiye wannan ilimin ranar da aka sa mini ankwa?" Ya juya ga sufeto. "Ranka ya daɗe, duk biyun na rago ne. Da safen nan Baba Dalhatu ya yanka, yana nan waje in ana son a tambaye shi."

Yara suka fashe da dariya, wani a baya ya yi kukan rago. Sufeto ya rufe littafinsa, ya ce Malam Atiku ya ba shi labarin ankwar tun daga farko. Wannan karon da na yi magana an saurare ni. Yara sittin ne a ajin, kuma washegari aka ba da hutu, kowa ya kai labarin ƙauyensu, har Birchi da Dabawa. Julius bai dawo bayan hutu ba.

Malam Atiku ya aike ni Kurfi da makullai. Simeon ya auna su a tafin hannu, ya mayar mini. Ya ce, "Ka ce wa Malam Atiku ya zo da kansa ranar kasuwa, ya faɗa da ƙarfi cewa ban kashe kowa ba." Sai da ya ja mako uku, amma ya je, ya tsaya tsakanin masu kekuna da masu rake ya faɗa. Simeon ya ce bai ji ba, akwai hayaniya. Ya sa shi ya maimaita.